Tsohuwar silimar Kilburn da ta koma coci: doka ce ta cece ta ko 'yan caca?

Kabiru NW6:
Salam jama'a. Ga hoton ginin nan da duk wanda ya taɓa bin Kilburn High Road a Landan ya sani, mai doguwar hasumiya da aka rubuta STATE a samanta. Da yawa cikinmu mun ɗauka coci aka gina shi tun asali, to ba haka bane, gidan silima ne, Gaumont State, an buɗe shi 20 ga Disamba 1937 kuma kujera 4,004 ne a ciki, ku tsaya ku lissafa, mutum dubu huɗu a ɗaki guda suna kallon allo ɗaya. George Coles ne ya zana shi da salon art deco, wasu 'yan'uwa 'yan kasuwa da ake ce ma Hyams suka sa kuɗin. Hasumiyar ƙafa 120 ce, an kwaikwayi dogon benen Empire State na New York ne shi yasa ma sunan. A 1980 aka daina haska fim a babban ɗakin ya koma gidan bingo, wato wata irin caca ta lambobi, a 2007 bingon ya rufe wata coci mai suna Ruach ta saya. Abin da nake so mu tattauna, ginin nan ya haura shekara 85 yana tsaye da ƙawarsa, namu na gida da ba su kai shi shekaru ba ina suke? Ni ra'ayina ba wai Turawa sun fi mu son tarihi bane, kawai dai ginin bai taɓa zama babu mai biyan kuɗin gyaran rufinsa na dogon lokaci ba.

Hajiya Rabi:
Wa alaikassalam Kabiru. Ni fa kullum ina jin ana cewa art deco art deco ban san me ake nufi ba, a yi mana bayani da Hausa dan Allah kafin a yi nisa

Zainab mai zanen gini:
Hajiya salon gini ne da ado da ya yi tashe tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, sunan ya samo asali daga wani babban baje koli na kayan ado da aka yi a Faris a 1925. In kina son ki gane shi a titi ki duba layuka miƙaƙƙu da ke hawa sama, gini yana tsukewa mataki mataki in ya doshi ƙololuwa, kusurwa mai lanƙwasa maimakon mai kaifi, ƙarfe mai sheƙi, fitilun neon, sai tayil mai santsi a fuskar gini. Ki ƙara girman hoton da Kabiru ya turo ki kalli hasumiyar, za ki ga ba fenti bane a jikinta, tayil ne mai ruwan madara, kuma da dalili suka zaɓe shi, Landan ta wancan lokacin hayaƙin gawayin kwal ne ko'ina, bulo yana yin baƙi cikin 'yan shekaru amma tayil ruwan sama ma wanke shi yake. Abin da zai ba ki mamaki shine in kika shiga ciki salon ya canza gaba ɗaya, ginshiƙan marmara ne da matakala mai faɗi da ƙatuwar fitila mai reto a zaure, irin adon fadojin Italiya na da. Waje na zamani ciki na sarauta. Da gangan ne, lebura ko mai wankau da ke kwana a ɗaki ɗaya da yara biyar babu abin ɗumama ɗaki, ya biya 'yan sulalla ya taka kafet mai laushi ma'aikaci sanye da yunifom ya haska masa tocila har kujerarsa. Abin da ake sayar masa kenan tun kafin a kunna fim ɗin.

Hajiya Rabi:
Allah ya saka da alheri 'yata, yanzu na gane

Malam Nura:
Ni dai tsakani da Allah ban ga abin jimami a nan ba. Gida ne da aka gina don shagala, da shagalar ta mutu aka mai da shi gidan caca wanda ya fi na farko muni, yanzu kuma a ce mu zauna muna yabon tayil ɗinsa? Da rushe shi aka yi aka gina gidajen kwana ai da ya fi amfani, ku da kuke can kullum kuka kuke da tsadar haya.

Kabiru NW6:
Malam ba caca muke yabo ba wlh, labarin yadda abin ya faru nake bayarwa. A 1946 tikitin silima da aka sayar a Birtaniya ya haura biliyan 1.6 a shekara ɗaya. Talabijin ta shigo gidaje, tashar 'yan kasuwa ta ITV ta fara a 1955, mutane suka zauna a gida, kafin 1984 tikitin ya faɗo zuwa miliyan 54. To ɗakin mutum 4,000 da ake samun mutum ɗari biyu wa zai iya riƙe shi? Ɗaruruwan irinsu aka rushe aka yi kantuna da ofisoshi da wajen ajiye motoci. Dokar caca ta 1960 ce ta halatta bingo na kasuwanci a ƙasar, sai kamfanonin da ke da gidajen silimar suka ga ga ɗaki ga mutane ga lasisi, suka cire kujerun ƙasa suka jera tebura. Kuma abin da ya sa adon ya tsira shine masu bingo ba sa buƙatar su fasa komai, ɗaki babba kawai suke so, sai suka bar silin da bango da benen yadda suke, amma suna biyan wuta suna ɗumama ginin suna toshe yoyo. Gini kuwa in aka rufe shi shekara biyar a ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa, filasta ta sha ruwa ta fara zubowa, shikenan an gama.

Malam Nura:
Wato kana gaya min alheri ya fito daga haram

Kabiru NW6:
Ina gaya maka gini ya tsira ne Malam, hukuncin caca yana nan inda Allah ya ajiye shi ban taɓa shi ba. Kuma talakawan unguwa ne aka kwashe wa kuɗi a teburan nan, yawanci tsofaffin mata, wannan ma gaskiya ne kuma ba daɗinsa nake ji ba.

Zainab mai zanen gini:
Amma Yaya Kabiru kar ka rage wa doka haƙƙinta. A 1980 ɗin da aka rufe babban ɗakin a shekarar aka sa ginin cikin jerin gine-ginen da gwamnati ta kare, yanzu yana matakin Grade II*, wanda kaɗan ne ke samu don fiye da kashi 90 na gine-ginen da ke jerin suna matakin ƙasa da shi ne. Ma'anarsa ko naka ne da kuɗinka ka saya ba ka isa ka cire ƙofa ko ka fasa bango ba sai ƙaramar hukuma ta ba ka izini a rubuce, in ka yi gaban kanka laifi ne da ake gurfanar da mutum a kotu. Da babu wannan, ranar da bingo ya daina kawo riba a 2007, shekarar da aka hana shan taba cikin gine-ginen jama'a a Ingila wanda ya karya kasuwar gidajen bingo da yawa, ai washegari za ka ga katafila a bakin ƙofa don filin kaɗai a wannan titin dukiya ce.

Baba Ɗanladi:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ke karanto min tana rubuta min amsa. Kun taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Shekarar da kuka ce an buɗe wannan ta Landan, 1937, a shekarar aka buɗe Rex a Sabon Garin Kano, Kwarori ne suka kawo harkar. Amma kar ku kwatanta, tamu yawanci fili ne aka zagaye da doguwar katanga, allon siminti a gaba an shafe shi da farin fenti, sama a buɗe, sai bayan magariba duhu ya yi ake kunna inji. Masu kuɗi suna baya inda akwai 'yar rumfa da kujeru, mu 'yan kuɗi kaɗan muna gaba kan benci wuya ya ƙage don ɗaga kai. In hadari ya taso kowa ya san inda dare ya yi masa. Plaza a Fagge, Orion a Ƙofar Wambai, El Dorado a Sabon Gari, duk mun shiga. Sai dai abin da yaran yanzu ba su sani ba, a lokacinmu in aka ce wane ɗan silima ne to an gama zaginsa, ba a ba shi aure cikin sauƙi, mace kuwa in an gan ta a bakin silima sunanta ya ɓaci har abada. Ga kuma gobarar El Duniya ta 1951 da ta ci mutum sama da 300, iyayenmu sun ɗauke ta a matsayin ishara, har na girma ana ba da labarinta ana girgiza kai. Da aka buɗe Palace a Jakara cikin birni a 1952 ai rigima aka yi sosai har da jifa. To Kabiru ginin da mutanen gari suke jin kunyar a ce sun taɓa shiga, wa zai tashi ya ce a kare shi ranar da za a rushe?

Kabiru NW6:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wannan maganar taka ta ƙarshe ita ce ban kawo a lissafina ba kuma tana da nauyi.

Yakubu Woolwich:
Barka da yamma jama'a, Baba ina gaisuwa. Ni ɗan Wusasa ne ina zaune kudu maso gabashin Landan, bari in sa baki tunda an zo maganar coci. A Woolwich gidajen silima biyu ne suke kallon juna, duk 1937 aka buɗe su. Odeon ɗin shi ma George Coles ɗin nan ne ya zana shi, shi kam art deco ne tsantsa, dogon bango mai lanƙwasa da tayil ruwan madara babu tarkacen ado, ya rufe a 1999 yanzu New Wine Church ce a ciki wadda wani fasto ɗan Najeriya marigayi Tayo Adeyemi ya kafa. Na tsallaken titi Granada ne, ya yi zamaninsa na bingo shi ma, Christ Faith Tabernacle ta saye shi a 2011, su ma jagoransu ɗan Najeriya ne. Wato dai 'yan ƙasarmu ne ke riƙe da biyu daga cikin gine-ginen da masana tarihin silima na Ingila ke ji da su. Dalilin da ya sa coci ke son irin ginin a bayyane yake, ga dandamali, ga bene, ga kujeru duk suna fuskantar gaba, ba ginshiƙin da zai tare maka mai wa'azi, kuma an gina ɗakin ne don murya ta kai ƙarshe. Amma mutane ba su san wahalar ba, baikon da ake tarawa ranar Lahadi wani babban kaso a rufi da tukunyar ɗumama ɗaki yake tafiya, kuma in za ka gyara adon filasta na silin ba kowane magini doka ta yarda ya taɓa ba sai ƙwararre, kuɗinsu kuwa ba a magana.

Safiya E17:
Yakubu ba na musa wahalar da kuke sha amma akwai ɓangaren da ba a faɗa ba. Silima ta kowa ce, Musulmi da Kirista da wanda ba ya addini duk tikiti ɗaya suke saya. Ranar da ta zama wajen ibada ta zama ta mutum kaɗan, sauran 'yan unguwa sai dai su wuce ta waje, tsohuwar da a nan mijinta ya fara kai ta kallo ba za ta ƙara ganin cikin ba. A unguwarmu Walthamstow haka aka yi, Granada ta 1930 ta rufe a 2003 wata coci mai asali daga Brazil, UCKG, ta saya, mutanen unguwa suka ce ba su yarda ba, aka yi ta zanga-zanga da rubuce-rubuce, hukuma ta ƙi ba da izinin mai da shi coci ba sau ɗaya ba, ginin ya zauna a rufe shekaru yana lalacewa. Daga ƙarshe ƙaramar hukumar Waltham Forest ta saye shi a 2019 aka gyara, a 2025 aka sake buɗe shi gidan wasan kwaikwayo da barkwanci. Shekara 22 kenan fa. Amma ya dawo hannun jama'a.

Yakubu Woolwich:
'Yar'uwa ki lura da abin da kika faɗa da bakinki, ya zauna a rufe yana lalacewa. Ba kowace ƙaramar hukuma ke da miliyoyin fam da za ta zuba a gini ɗaya ba, kuma kuɗin harajinku ne da za a iya sa wa a makaranta. Inda babu mai wannan ƙarfin gara a ba wanda zai kula da shi. Ƙofar coci kuma ba a kulle take ba, ba a tambayar kowa katin shaida.

Safiya E17:
A buɗe take amma kai ma ka san ni da hijabina ba zan shiga ana tsakiyar sujada in ce silin na zo kallo ba. Da a ce sharaɗi ne a cikin izinin, duk wanda ya sayi irin ginin ya ware ranaku a shekara da kowa zai shigo ya zagaya, da ban ce komai ba.

Yakubu Woolwich:
Wannan kam na yarda da shi ɗari bisa ɗari

Auwal Zinder:
Tambaya gareni ga Malam Nura. In al'ummar Musulmi suka samu irin ginin nan ya halatta a mai da shi masallaci duk da abin da aka yi a ciki a baya?

Kabiru NW6:
Kafin Malam ya amsa, an riga an yi ma. Masallacin Aziziye a Stoke Newington silima ce ta 1913, ta girmi zamanin art deco, kuma a ƙarshen rayuwarta finafinan faɗa da na batsa ake nunawa kafin ta rufe a 1983. Turkawa suka saya suka lulluɓe fuskarta da tayil mai shuɗin zane irin na masallatan Istanbul, yau ana salloli biyar a ciki, akwai mahauci da gidan abinci a jikin ginin.

Malam Nura:
Auwal ya halatta, babu saɓani da na sani a kan wannan. Ƙasa ba ta ɗaukar zunubin wanda ya taka ta. Filin da aka gina masallacin Annabi (SAW) a Madina akwai kaburburan mushrikai da kangaye da itatuwan dabino a wurin, aka tone kaburburan aka baje kangayen aka sare dabinon, hadisin Anas ne yana cikin Bukhari da Muslim. Abin da ake buƙata a tsarkake wurin, a cire gumaka da hotunan masu rai, a daidaita alƙibla. To kun ga ni ba gaba nake da bulo da siminti ba. Abin da nake ƙi shine a mai da wajen saɓo abin alfahari. In an juya shi ya zama wajen alheri ai ni ne farkon mai murna.

Zainab mai zanen gini:
Malam a nan ne aikinmu yake ba da wuya. Daɓen silima gangare ne, daga baya yake saukowa zuwa allo don kan na gaba kar ya tare na baya, sahu kuwa yana son daɓe a miƙe, sai an yi sabon daɓe a kan tsohon. Alƙibla daga Landan kudu maso gabas take, ginin kuma titi ya bi ba Makka ba, sai ka ga sahu ya karkace an yi asarar kusurwoyi. Sannan in ginin yana cikin jerin kariya kuma akwai siffar mutum ko dabba a adon bango ba za a bari ka farfasa ba, iyaka a yarda ka rufe da allo yadda wani zai iya buɗewa nan gaba. Shi yasa za ku ga coci sun fi yawa a irin gine-ginen. Kuma ba masallaci kaɗai ba, komai ma wuya yake, babban ɗakin babu taga ko ɗaya don an gina shi ne don duhu, ba ya zama gidan kwana ko ofis sai an huda bango, benen kuma a kan wani ƙaton ƙarfe yake rataye wanda in ka cire shi ka taɓa ƙashin bayan ginin, ga asbestos da aka cusa ko'ina a zamanin don maganin gobara wanda ƙurarsa ke kawo cutar daji, cire shi kaɗai kuɗi ne mai yawa. Waɗanda suka dace su ne masu buƙatar taron mutane. Troxy a Stepney, ita ma zanen Coles ce ta 1933 mai kujera 3,520, ta rufe a 1960, ta zama wajen koyar da mawaƙan opera daga 1963 zuwa 1977, ta yi bingo, tun 2006 kuma ɗakin taro ne ana kiɗe-kiɗe ana bukukuwan aure. Ta Rayners Lane ta 1936 mai wani ado a goshi kamar hancin giwa, mabiya addinin Zoroaster ne suka mai da ita cibiyarsu.

Auwal Zinder:
Na gode Malam, na gode Anti Zainab. Kuma ba sai Turai ba fa, a Afirka ma akwai, Asmara babban birnin Eritiriya cike yake da irin ginin daga zamanin mulkin Italiya, Cinema Impero ta 1937 tana nan tsaye, UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2017. Mumbai ma da muka tashi da kallon finafinansu, Regal ta 1933 da Eros ta 1938 duk wannan salon ne.

Barista Hadiza:
Ina bin ku tun ɗazu. Zainab kin ce doka, Kabiru ya ce mai biyan kuɗin rufi, bari in kawo muku misali daga gida ku auna. Muna da hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa tun 1979, muna da jerin gine-ginen da aka ayyana. Ilojo Bar a dandalin Tinubu a Legas, gini mai salon Brazil da ya haura shekara 150, yana cikin jerin tun 1956. A watan Satumba 2016 aka wayi gari an baje shi. Takardar kariya tana nan a fayil, ginin babu. Ganuwar Kano ma a takarda a kare take, ku je ku ga yadda ake cin ta ana gini a kai. Don haka doka in babu jami'in da zai zo ya duba, babu kotun da za ta hukunta da wuri, babu kuma jama'ar da za su yi ihu, ba ta tsare komai. A Birtaniya akwai ƙungiyar masu kishin tsofaffin gidajen silima tun 1967, Cinema Theatre Association, mutane ne 'yan sa kai da ke bin duk takardar neman izinin da ta shafi irin ginin suna rubuta ƙorafi. Su ne haƙoran dokar.

Zainab mai zanen gini:
Gaskiya ne Barista, Ilojo Bar har yau in na tuna raina ɓaci yake

Sadik:
Jama'a ni maganar nan ta zo min gida. Ban so in yi magana ba amma bari in faɗa ba tare da na ambaci gari ba. Kakanmu yana da gidan silima, tun wajen shekarun 1990 da bidiyo ya shigo gidaje aka daina haskawa, wani ɗan kasuwa ya karɓi haya yana ajiye buhunan taki da siminti. Irin wadda Baba ya kwatanta ce, fili da katanga, amma fuskar gaban bene ce mai hawa ɗaya da lanƙwasa a kusurwa da wasu layuka uku na siminti da suka zagaye ta, tagar sayar da tikiti tana nan da ƙarfenta, 'yar ƙarama daidai shigar hannu, ɗakin inji ma yana sama da ramuka biyu a bango inda haske ke fita. Yanzu magada mun kai mu ashirin da wani abu, an samu mai saye zai rushe ya yi plaza, yawancinmu suna so don akwai marayu da zawarawa a ciki masu buƙatar kuɗin yau. Ni kaɗai nake jan ƙafa har an fara cewa don ina da albashi ne. Kuma ba ƙarya suka yi ba. Me kuke gani?

Malam Nura:
Sadik ka ji tsoron Allah a kan haƙƙin marayu. Gado ba a riƙe shi don sha'awar mutum ɗaya. In kana son ginin ka nemi kuɗi ka sayi kason sauran a farashin da mai sayen ya taya, in ba ka da shi ka sakar musu.

Safiya E17:
Malam amma in aka rushe shikenan fa, garin gaba ɗaya ya yi asara ba su kaɗai ba

Malam Nura:
To garin ya kawo kuɗi ya saya 'yar'uwa. Ba a ɗora wa marainiya nauyin tarihin gari ita da ba ta da kuɗin makaranta.

Kabiru NW6:
A nan ina bayan Malam. Ruach ma saya suka yi da kuɗinsu ba kyauta aka ba su ba. Amma Sadik kafin a sa hannu ka zauna da mai sayen, shi shaguna yake so, shagunan kuma a filin ciki za su zauna inda benci yake da, fuskar gaban ba ta tare masa komai, ƙofar shiga ce ma da ta fi duk wadda zai gina kyau, kuma sunan tsohuwar silimar duk ɗan acaɓa da mai adaidaita a garin ya san shi, talla ce kyauta. Ko kuma in akwai mai sha'awar ɗakin taron biki, ka san yadda harkar nan ke kawo kuɗi yanzu, katanga tana nan fili yana nan rufi kawai za a ɗora.

Barista Hadiza:
In ya yarda kar ku tsaya a fatar baki. A rubuta cikin takardar cinikin cewa ba za a rushe fuskar gaba da ɗakin inji ba, lauya ya tsara, shaidu su sa hannu, kuma ka sani zai iya neman ragi a kan wannan sharaɗin, to ragin kai za ka ɗauke shi daga kasonka ba daga na marayu ba.

Zainab mai zanen gini:
Kuma ko ya yarda ko bai yarda ba, satin nan ka samu injiniya ya duba kankaren benen, taki da siminti da aka jibge shekaru suna cin rodi, in rodin ya yi tsatsa ya kumbura za ka ga kankare yana ɓarewa daga ƙasa, wannan shi zai nuna ko ginin zai gyaru. Ka ɗauki hoton kowane bango da rana, ka sa tef ka auna tsawo da faɗi ka rubuta, ka duba ɗakin inji ko akwai ragowar injin ko gwangwanayen fim ko littafin tikiti, kar ka bari 'yan gwangwan su riga ka. In fim ɗin tsoho ne sosai kar a kai wuta ko sigari kusa, irin na da yana kamawa kamar fetur. Ka turo min awon ta inbox zan zana maka yadda shaguna za su shiga ba tare da an taɓa gaban ba, ka nuna wa mai sayen, ba sai ka biya ni ba.

Baba Ɗanladi:
Yaro ka nemi wanda ya yi aikin inji a gidan in yana raye, da mai yanka tikiti, ka sa waya ka ɗauki muryarsu. Su za su gaya maka shekarar da aka gina da wanda ya gina, ba takarda ba.

Sadik:
Mai injin yana nan Baba, ya tsufa amma da hankalinsa, a bayan kasuwa yake zaune. Zan je wajensa ranar Juma'a bayan masallaci. Taron magada kuma Asabar ne, zan kai musu maganar sharaɗin da ragin daga kasona, in suka ƙi zan sa hannu a sayar. Anti Zainab gobe da yamma zan turo awon in sha Allah.